Wasan Kiwo da Gurbin Karatun Legas

Dutsin-Ma,
Juma'a, 1 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da Innarki da mahaifinki Malam Ummaru da sauran mutanen gida. Mu nan lafiya lau, in ban da murar da ta kama Antinki Na'ima, ita ma ta yi sauƙi. Ki ce wa Innarki ɗan'uwanta bai manta da ita ba. Ko da yake sai an koma wajen kakanni ake gano inda muka haɗu, ba ni da 'yar'uwar da ta fi ta. Aiki ne ya yi yawa. Ɗaliban jami'a masu fita sun cika min shago da takardunsu, injin bugawa har zafi yake yi.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Rabo direba. Rabona da rubuta wasiƙa da biro tun ina sakandare. To tunda an yanke mana sabis ɗin waya daga Kurfi har Dutsin-Ma, dole mu koma ga takarda.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Jiya Alhamis na je Kankiya, inda nake zuwa kowane mako don in samu sabis in tura aikin mutane. Na buɗe imel ɗinki da kalmar sirrin da kika ba ni, ina tsammanin labarin jami'armu ta nan. Na same shi kuwa: sun ba ki gurbi a kimiyyar kwamfuta. Ina cikin hamdala sai na ga wani saƙo a ƙasansa, daga Legas. Gasar nan da kika tura wa wasanki na kiwon shanu a watan Yuli, wadda na ce miki kada ki sa rai, kin zo ta uku cikin mutum fiye da ɗari biyu. Wata jami'a ce mai zaman kanta ta shirya gasar, kuma ta ba ku gurbi, ku biyar da kuka fi kowa, a sabon sashenta na tsara wasannin kwamfuta. Digiri ne cikakke na shekara huɗu. Karatu da ɗakin kwana duk su suka ɗauka.

Sau uku na karanta a tsaye. Wani mai shayi da ke kusa ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ɗiyata ce ta ci gasa. Ya ce ta karatun Alƙur'ani? Na rasa yadda zan yi masa bayani, sai na sayi shayinsa.

Mutanen Legas suna son amsa kafin ƙarshen ranar Juma'a, 15 ga wata. Na nan gida sun ba da lokaci har ƙarshen Nuwamba. Kina da mako biyu ke nan. Ki yi tunani, ki yi shawara da iyayenki, ki rubuto min.

Kawunki,
Sabitu

Kurfi,
Lahadi, 3 ga Oktoba

Kawu Sabitu,

Wa'alaikumussalam. Duk muna lafiya. Inna tana gaida Anti Na'ima, ta ce ta riƙa shan citta da kanumfari. Baba yana fama da gona, an gama yankan gero, dawa ta kusa.

Kawu, ban zauna ba. A zaure na karanta a tsaye, da na kai wurin Legas kuwa sai na ruga cikin gida ba takalmi, har na yi fatali da ƙwaryar waken Inna. Ta ɗauka maciji na gani. Da na yi mata bayani sai ta ce to yanzu wasa ma sai an je jami'a? Amma tana tsintar wake tana dariya. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah Ya sa albarka, ya ce Legas da nisa. Ka san halinsa.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru makon jiya, don ya shafi maganar. Na cika batirin kwamfutar a shagon caji na tafi da ita Barkiya wurin Kaka Kande. Ka san a ruga ta tashi kafin ta auri Kaka Malam. Na nuna mata yarinyar da ke cikin wasan, yadda take kora shanu zuwa gulbi ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Da farko ta ce in ɗauke mata talabijin ɗina. Can sai ta matso, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa ya gaya min shanu suna jeruwa kamar sojoji? Ta ce kowane garke da uwar garkensa, ita ce a gaba, in ka juya ta ka juya sauran. Mai ɗan maraƙi kullum tana baya tana waige. In sun ji ƙanshin ruwa sai su ɗaga hanci su ƙara sauri, a nan ne makiyayi yake shan wahala. Shafi biyu na cika da maganarta. Kafin la'asar yaran unguwar sun cika ɗakin, kowa yana ihu a ba shi ya gwada, Kaka tana yi musu faɗa in sun bar saniya a baya. Ba mu tashi ba sai da batiri ya mutu.

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba.

Amma ga matsalata. Da na dawo na sa gyare-gyarenta, shanun suna wuce goma sha biyar sai kwamfutar ta fara nauyi, su kuma su taru a kusurwar gona su maƙale, suna ture juna. Kwana huɗu ina nema, na kasa gano dalili.

Ga yadda na jera abin a littafina. Na farko, tsara wasanni a Legas. Shi zuciyata take so, kuma zan zauna da mutanen da ba za su tambaye ni amfanin abin da nake yi ba. Amma da nisa, ban san kowa ba, ban kuma san ko akwai aiki bayan an gama ba. Na biyu, kimiyyar kwamfuta a Dutsin-Ma. Kusa da gida, kusa da kai, kowa ya san darajarsa, wataƙila ma can zan koyi abin da ya sa shanuna suke maƙalewa.

Da safe ina Legas, da yamma ina Dutsin-Ma. Kai me ka gani?

Ɗiyarka,
Mardiya

Dutsin-Ma,
Laraba, 6 ga Oktoba

Mardiya,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Antinki ta warke sarai, ta ce cittar Innarki ta fi ƙwayar kemis. Rabo ya kai motarsa gareji, don haka na ba Yazid wannan, mai sayar da takin zamani a kusa da shagona, zai je Kurfi gobe.

Na yi dariyar labarin Kaka Kande har na karanta wa ɗaliban da ke jiran aikinsu. Ɗaya daga cikinsu ɗan Kutawa ne, ya ce wallahi gaskiya ta faɗa game da uwar garke.

Kin tambaye ni abin da na gani. Bari in jera miki su yadda nake ganinsu ni ma, in fara da wanda na sani.

Na farko, kimiyyar kwamfuta. Matsalar shanunki ita ce hujjata. Ina zargin kowace saniya kin sa ta tana duba inda kowace saniya take kafin ta ɗaga ƙafa. In su goma ne, abin da sauƙi. In sun kai talatin, dubawar ta ninka har kwamfutar ta gaji. Akwai hanyoyin da masana suka gano na rage wannan wahala, akwai kuma na nemo hanya mafi kusa a kewaye shinge. Wannan shi ake koyarwa a kimiyyar kwamfuta, da lissafinsa mai ɗaci. Wanda ya iya shi zai iya yin wasa, zai iya yin manhajar asibiti, ta banki, ta makaranta. In kasuwar wasa ta ƙi, yana da wajen juyawa. Shekara goma sha biyu ina ganin masu digiri suna zuwa shagona buga takardar neman aiki, na san yadda fuskarsu take a zuwa na biyar. Ba na so in ga taki haka.

Na biyu, tsara wasanni. A nan ilimina kaɗan ne, amma na karanta takardar da suka turo. Za a koya muku zane, da yadda ake gina labari, da yadda ake sa mutum ya so ci gaba da wasa, da aiki cikin ƙungiya. Abin da ya sa Kaka ta matso ta zauna, ba ni da ajin da zan nuna miki a nan da ake koyar da shi. Kuma irin wannan dama ba kullum take zuwa Kurfi ba. Tsorona shi ne hanyar siririya ce, sashen sabo ne, babu wanda ya gama balle a ga inda ya ƙare.

Kin ga inda na karkata, ba zan ɓoye ba. Amma ba ni zan zauna a ajin ba. Ranar Alhamis, 14 ga wata, zan je Kankiya in tura amsa. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki rubuto kawai: na farko ko na biyu.

Kawunki,
Sabitu

Kurfi,
Talata, 12 ga Oktoba

Kawu,

Salam. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, ga Rabo can a bakin titi yana ta hon, motarsa ta cika.

Na yi istihara kwana uku, na yi magana da Inna. Na yanke shawara. Na farko na zaɓa. Inna ta ce ta yarda. Baba ya ce in dai an amsa za mu zauna mu yi magana, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin rabin yarda.

Don Allah ka tura musu ranar Alhamis, kada lokaci ya wuce. Allah Ya saka maka da alheri. A gaida Anti.

Mardiya

Dutsin-Ma,
Juma'a, 15 ga Oktoba

Ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Mu nan gidan sai murna.

Takardarki ta zo ranar Talata da yamma. Na san zaɓin bai zo miki da sauƙi ba, shi ya sa nake ƙara jinjina miki. Yarinya mai shekarunki ta ga Legas a buɗe ta ce a'a, bari in fara kafa tushe, wannan hankali ne.

Jiya na je Kankiya na rubuta wa mutanen Legas. Na gode musu ƙwarai, na ce ɗiyata ta zaɓi ta yi kimiyyar kwamfuta a kusa da gida, su ba wani gurbin. Na yi musu Turanci mai kyau, kada su ce mutanen Katsina ba su iya godiya ba. Na nan kuma sai kin zo da kanki za a cike fom, akwai lokaci.

Antinki ta riga ta fara kwashe kayan da ke ɗakin tsakiya. Ta ce ba za ki zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ba muna gari. Ta sa an kira mai fenti, tana tambaya ko kin fi son shuɗi ko ruwan ƙwai. Ni kuma na ware miki tebur ɗaya a shago, kusa da soket, inda janareta ba ya damun mutum. Duk ranar Asabar mu zauna a kan shanun nan har sai sun daina maƙalewa. Wasan ba zai mutu ba, na yi miki alkawari.

Ki gaida Malam, ki ce masa hankalinsa ya kwanta, ɗiyarsa tana nan kusa.

Kawunki mai alfahari da ke,
Sabitu

Kurfi,
Asabar, 16 ga Oktoba

Kawu Sabitu,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya.

Kawu, Legas na zaɓa.

Wasiƙu biyu suka zo min yau. Rabo ya kawo ta jiya. Ina cikin karantawa ban gane komai ba, ina cewa wane fenti, wane ɗakin tsakiya, sai ga Yazid a ƙofar gida yana ba da haƙuri. Wasiƙarka ta ranar 6 ga wata kwana goma ta yi a aljihun rigarsa, sai da matarsa za ta yi wanki ta gani. Ban taɓa ganin jerinka ba sai yau. Na farkon da na rubuta, na littafina ne, wanda na jera maka a wasiƙata. Tsara wasanni.

Na shiga ɗaki na rufe. Inna ta yi ta bugawa. Da na buɗe na gaya mata, sai ta zauna a bakin gado ta ce wataƙila haka Allah Ya so. Na san gaskiya ne, amma na kasa cin abinci.

Ba na so in yi maka rashin kunya. Kai ka ba ni kwamfutar, kai ka fara nuna min yadda ake sa ɗigo ya motsa a allo. Na kuma karanta hujjojinka, ba su da ƙarya. Maganar dubawar da ta ninka na gane ta nan take, haka na yi wa shanun. Amma Kawu, da ka ga kalma biyu kacal a kan abu mai girma haka, me ya sa ba ka aiko an sake tambayata ba? Kurfi ba nisa. Ni ma da laifina, da na ƙara kalma ɗaya, Legas, da duk wannan bai faru ba. Tun ɗazu nake kallon biro ina jin haushin kaina.

Jiya ce ranar ƙarshe, na sani. Zan zo in cike fom ɗin Dutsin-Ma, zan kuma yi karatun da gaske. Ka dai ba ni kwana biyu. Ka ce wa Anti na gode, kowane launi ya yi.

Mardiya

Dutsin-Ma,
Talata, 19 ga Oktoba

Mardiya,

Salam. Ina fatan kin ci abinci. In ba ki ci ba, ki ci kafin ki gama karanta wannan, don akwai tafiya a gabanki.

Gurbin yana nan.

Takardarki ta same ni ranar Lahadi. Jiya Litinin ban buɗe shago ba, na bar ɗalibai a ƙofa na hau motar farko zuwa Kankiya. Niyyata in roƙe su, in ce ni na yi kuskure. Da na buɗe imel ɗin sai na tarar shugabar sashen ta riga ta amsa tun ranar Juma'a. Ta ce sun ga saƙo daga wani da ya ce shi kawunki ne, sun gode masa, amma ba kawu suka ba gurbi ba. Ba sa karɓar amsa, ko ta e ko ta a'a, sai daga bakin mai gurbin. Ta ce sun san halin da ake ciki na rashin sabis a yankinmu, don haka za su jira har ƙarfe goma sha biyu na ranar Alhamis, 21 ga wata. Ki kira ta da kanki, kuma tana so ta ji muryar mahaifi ko mahaifiya. In ba a kira ba, za su ba na shida. Na rubuta lambarta a bayan takardar nan, sau biyu, da manyan baƙi.

Turancin da na yi taƙama da shi bai yi aiki ba, kuma ban taɓa jin daɗin a ƙi maganata irin na jiya ba. A tasha na tsaya ina dariya ni kaɗai.

Yanzu amsar tambayarki. Me ya sa ban aiko an sake tambayarki ba? Na yi tunani a mota, zuwa da dawowa. Gaskiya ita ce na ga abin da nake so in gani. Kin rubuta cewa Malam bai gama yarda ba. Wane uba ne zai yi jinkiri a kan Dutsin-Ma? Duk yana cikin takardar, na tsallake. Ina tsoron Legas a kanki, kuma tun da yaranmu suka tafi makarantar kwana gidan ya yi mana shiru. Na so ki zo. Ki yafe min.

Ra'ayina game da kimiyyar kwamfuta bai canza ba. Ki tambayi matar nan, ƙarara, nawa ne daga cikin karatun ya shafi rubuta manhaja da lissafi. In ta yi kwana-kwana, ki sake tunani. In ta ba ki amsa mai kyau, ki ce e da ƙarfi.

Daga wajenku hanyar Katsina ta fi kusa, an ce kafin Batagarawa sabis yake kamawa. Saura Malam. Wannan aikinki ne, ni na yi shisshigi ya isa.

Na ba Rabo wannan hannu da hannu, na ce in ya sa ta a aljihu ni da shi ne.

Kawunki,
Sabitu

Kurfi,
Juma'a, 22 ga Oktoba

Kawu na,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya ƙwarai. Na ci abinci, har na ƙara. Na yafe maka tun kafin in kai ƙarshen wasiƙar, kai ma ka yafe min zafin da na yi.

Bari in ba ka labari daga farko.

Ranar Laraba bayan la'asar na sami Baba a kan tabarma yana gyaran lauje. Na karanta masa wasiƙarka. A nan ya faɗi abin da ke ransa tun farko. Ashe wani a masallaci ya gaya masa wasannin waya duk caca ne, yara suna zuba kuɗin iyayensu a ciki. Ya ce ba zai kai ɗiyarsa ta koyi ƙera caca ba, ko kyauta ne. Ban yi gardama ba. Na ɗauko kwamfutar na ajiye a gabansa, na ce ya gani da idonsa.

Na nuna masa maɓallan guda huɗu. Karon farko ya kora garken gaba ɗaya cikin gonar dawa. Ya ce subhanallahi, kamar gonarsa ce. Karo na biyu ya gano uwar garke, ya kai su har bakin gulbi, guda ɗaya ta ɓace masa. Sai ya ajiye laujen gefe ya gyara zama. Da ya kai su lafiya a karo na huɗu, ya tambaye ni ina mai gonar yake. Na ce babu shi, gonar shinge ce kawai da ake kauce wa. Ya ce to wasana damina kaɗai ya sani. Ya ce in an girbe dawa, manomi da kansa yake zuwa ya gayyaci makiyayi, shanu su ci kara su bar masa taki, har a kai musu tuwo. Haka babansa yake yi da dangin Kaka, ta nan ma aka san juna har aka yi aure. Ya ce yaran yanzu ba su ga wannan ba, faɗan kaɗai suka sani.

Kawu, wannan rabin wasan ne guda da ban taɓa tunaninsa ba. Na kawo littafi ina rubutawa yana faɗa, har aka kira magariba. Bai ce ya yarda ba. Ya dai ce in shirya da wuri.

Jiya da hantsi ya ɗauke ni a babur. Wayarsa tana aljihun gaba. Mun yi nisa ba komai, ina ta duba agogo, sai can wayar ta fara ƙara ba tsayawa, saƙonnin wata guda suna shigowa. Ga mutane a gindin itatuwa, kowa da waya a kunne. Muka tsaya. Ƙarfe goma sha ɗaya saura.

Sau biyu kiran yana yankewa. A na uku shugabar sashen ta ɗauka. Na faɗi sunana, sai ta ce, "Mai shanu?" Ta ce 'ya'yanta biyu sun hana ta kwamfutarta saboda wasana. Na yi mata tambayarka yadda ka ce. Ta ce shekara biyun farko aji ɗaya za mu riƙa shiga da 'yan kimiyyar kwamfuta a darasin manhaja da lissafi, kuma wanda ya faɗi su ba ya wucewa. Ta ce in ina tsammanin zane kawai zan yi, gara in zauna a gida.

Sai Baba ya ce in fassara masa. Ya tambayi inda zan kwana da wanda ke kula da ɗakin mata. Ya tambayi ko akwai masallaci. Ta amsa duka. Sannan ya ce in tambaye ta ko ta tabbata zan sami aiki. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ya hannunta ba. Abin da za ta iya cewa, zan fito na iya gina abu da hannuna, kuma ba ta ga wani yana gina irin nawa ba.

Na fassara ina tsoro, na ce shi ke nan ta ɓata. Baba ya kalli hanya. Sannan ya ce, "Wannan ba ta ƙarya. Ki ce mata amana ce na ba ta."

Na faɗa mata. Ta ce to saura ni, me na ce? Na ce e da ƙarfin da har masu waya a gindin itacen suka juyo.

Za a fara karatu a watan Janairu. Kafin nan ina so in zo in yi mako biyu a teburin nan na kusa da soket, in Anti za ta karɓe ni, ka fara min lissafin nan mai ɗaci. Ba na so in je a ce 'yar Kurfi ce ta baya.

Baba ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar nan, zai rubuta maka.

Ɗiyarka,
Mardiya

Malam Sabitu, bayan gaisuwa. Na ji duk abin da ya faru, babu komai, Allah Ya saka da alheri. Ni zan kai ta da kaina in ga wurin da idona. Ban taɓa wuce Kaduna ba, kuma ba na jin Turanci. Don haka ka nemi wanda zai riƙe maka shago kwana huɗu. Tare za mu tafi.

Ummaru